Sai da suka mirgina kafin su tsaya

Sau uku na haɗa gwajin nan, sau uku ina tashi hannu Rabbana. A karo na huɗu ne, wajen ƙarfe biyu na rana, na ga abin da na daɗe ina haddacewa a takarda yana faruwa a gaban idona: farar ƙwayar jini ta taho a guje cikin ruwa, ta gogi bango, ta yi tuntuɓe, ta mirgina, ta ƙara mirginawa, sannan ta tsaya cak. Kurakuran da na tafka a karo ukun farko su suka fahimtar da ni yadda abin yake, fiye da duk wani zane da na taɓa gani a aji, shi ya sa zan ba da labarin tun daga tushe.

Tambayar da muke bi tsohuwa ce, kuma kowa ya san farkonta a jikinsa. Ƙaya ta soke ka a yatsa, wurin ya yi ja, ya ɗauki zafi, ya kumbura, yana zogi. Bayan kwana biyu ka matsa, mugunya ta fito. Yawancin abin da ke cikin mugunyar nan gawarwakin fararen ƙwayoyin jini ne, irin waɗanda ake kira niyutirofil, waɗanda su ne fiye da rabin fararen ƙwayoyin da ke yawo a jinin baligi. Jiya suna cikin jijiya, jini na kwasarsu a guje. Yau ga su a bakin ƙaya. To ta yaya ƙwayar da ba ta da ido, ba ta da ƙafa, kuma ruwa ne ke janta, ta gane cewa a nan daidai za ta sauka, ba can gaba ba?

Wani likita Bajamushe, Julius Cohnheim, ya ga wannan fita da idonsa a 1867. Ya shimfiɗa tantanin da ke riƙe da hanjin kwaɗo a ƙarƙashin madubin likita, kwaɗon na raye, ya zuba ido. Ya ga fararen ƙwayoyi suna jeruwa a bangon ƙananan jijiyoyi, suna maƙalewa, suna ratsawa waje. Malaminsa Rudolf Virchow yana ganin cewa ƙwayoyin mugunya daga naman wurin suke tsirowa, shi kuwa ɗalibin ya nuna daga jini suke zuwa. Amma sanin abin da ke kama su a bangon ya ɗauki fiye da shekara ɗari. Sai a 1991 Michael Lawrence da Timothy Springer a Amurka suka gina wata 'yar magudana a ɗakin gwaji, suka shafa wa ƙasanta sinadaran bangon jijiya, suka tura ƙwayoyi cikinta, suka nuna cewa mannewar hawa-hawa ce, kuma idan hawan farko bai samu ba na biyu ba zai samu ba. A shekarar ce kuma Eugene Butcher ya tsara abin a matsayin matakai masu bin juna. Irin wannan magudanar aka ɗora mini nauyin koyon sarrafawa.

Abu uku ake buƙata: bango, ƙwayoyi, da gudun ruwa.

Bangon shi ya fi sauƙi, ko da yake ya fi cin kwanaki. Cikin kowace jijiyar jini a shafe yake da shimfiɗa guda ta ƙwayoyi masu faɗi, falle ɗaya tak, wadda ake kira endotiliyam. Tun 1973 Eric Jaffe da abokan aikinsa suka gano yadda za a ciro waɗannan ƙwayoyi daga jijiyar igiyar cibiya, wadda dama zubar da ita ake yi bayan haihuwa, a rene su a kwalba. Namu a daskare suka zo cikin 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. Na narkar da su, na rene su, na zuba su cikin magudanar roba mai haske wadda na riga na shafe da jalatin, na sa a akwatin ɗumi a ma'aunin zafi 37, daidai da jikin mutum. Kullum da safe sai na duba. Ranar farko suna warwatse, kowace da dogayen hannuwa kamar tana laluben 'yar'uwarta. Zuwa rana ta uku sun haɗe baki da baki, babu ko rata, sai ka ce daɓen duwatsu da gwani ya jera. Wannan shi ne bangon jijiya mai lafiya, kuma farar ƙwaya ba ta da abin kamawa a jikinsa.

Domin a mayar da shi bangon da ke kusa da ciwo, sai a ɗiga masa wani sinadari da jiki ke saki idan ƙwayar cuta ta shiga, mai suna TNF, a bar shi awa huɗu. Da farko na ɗauka awa huɗun nan al'adar ɗakin gwaji ce kawai. Malamar da ke kula da aikina ce ta zaunar da ni ta ce, "Ɗalibi, ka san dalilin kowace lamba da ke takardar nan kafin ka taɓa komai." Dalilin kuwa shi ne, bangon na da ƙugiyoyi iri biyu da ake kira selektin. Ɗaya, selektin P, a shirye take, an ajiye ta cikin wasu 'yan jakunkuna a cikin ƙwayar bangon, jakunkunan da Ewald Weibel da George Palade suka fara gani a 1964. Da zarar sinadari irin histamin ya taɓa bangon, cikin mintoci jakunkunan za su buɗe, ƙugiyar ta fito fili. Ɗayar kuwa, selektin E, babu ita a ajiye. Sai saƙon TNF ya shiga har cibiyar ƙwayar, an buɗe kundin gado, an ƙera ta daga farko, kuma yawanta kan kai ƙololuwa ne tsakanin awa huɗu zuwa shida. Wato jiki yana da mai tsaron ƙofa na gaggawa, yana kuma da rundunar da ake kira daga baya.

Ƙwayoyin su ne suka fara ba ni wuya. Niyutirofil ba ta ajiyuwa. Ba a daskarar da ita, ba a renonta, dole ranar gwaji a ɗebi jini sabo, a yi aiki da ita cikin 'yan awanni. Wani abokin aikinmu ne ya sa hannu a takardar amincewa, aka ɗebi jininsa a kwalba mai maganin hana daskarewa. Daga nan sai a kwantar da jinin a saman wani ruwa mai kauri, a hankali, ta gefen bututun gwaji, kada su gauraya. A sa a na'urar juyi kamar rabin awa, kuma a kashe birkinta domin ta tsaya da kanta. Idan an fito da bututun, jinin ya rabu hawa-hawa: ruwan jini rawaya a sama, wani farin zobe a ƙarƙashinsa, wani farin zoben kuma can ƙasa kaɗan, jajayen ƙwayoyi sun kwanta a gindi. Zobe na biyun nan ake so. Kaurinsa bai fi na zare biyu ba, kuma da bakin bututu siriri ake tsotse shi.

Ranar farko sauri ya ci ni. Na ga lokaci na tafiya, bangon ya kusa cika awa huɗu, sai na riƙa tsotso ƙwayoyin ina fesarwa da ƙarfi don su warwatsu, na kuma tsoma bututun cikin ƙanƙara da tunanin sanyi zai kiyaye su, daga baya na mayar da shi ɗumi. Da na ɗiga su a gilashi na duba, gabana ya faɗi. Maimakon ƙwallaye zagayayyu, kowace ita kaɗai, sai na ga curi-curi, wasu sun yi tsawo, sun fitar da kai da wutsiya. Malama ta leƙa sau ɗaya ta ɗago. "Ka tashe su," ta ce. "Niyutirofil da ta farka a bututu ta gama aikinta a bututu." Ashe girgiza da sauyin sanyi da ɗumi duk faɗakarwa ce a gare su. Da sun ji, sai su zubar da tasu ƙugiyar ta mirginawa, selektin L, su buɗe hannuwan riƙo tun lokaci bai yi ba, su kama juna, su kama jikin robar da za ta kai su magudana. Abin da ya iso bangon ranar tsiraru ne, su ma a dunƙule. Tun daga ranar nake ɗaukar bututun nan kamar mai ɗauke da jariri mai barci.

Karo na biyu ƙwayoyin sun fito lafiya ƙalau. Na ƙirga su, na daidaita su miliyan ɗaya a kowace mililita, na ɗora magudanar a kan madubi, na haɗa siraran bututun roba, ɗaya daga kwalbar ƙwayoyi, ɗaya zuwa sirinjin da famfo ke ja a hankali. Ina kunna famfon sai wata inuwa mai baƙin gefe ta shigo allon kwamfuta daga hagu, ta ratsa ta fita ta dama. Kumfar iska ce, wadda a ido ba ta kai kan allura ba. Duk inda ta bi ta kwashe daɓen nan da na yi kwana uku ina reno, ta bar roba tsirara da 'yan tsummokaran ƙwayoyi suna lilo. Ba ta ɗauki daƙiƙa biyu ba. Maganinta a hannu yake: a cika kowane bututu da ruwa tukuna, a bar ɗigo ya taso a bakinsa, a bar wani ɗigon a bakin magudana, a haɗa ɗigo da ɗigo. Yanzu hannuna na yin haka ko ban yi tunani ba.

Karo na uku shi ya fi ɗaure mini kai, domin babu abin da ya lalace a ido. Bango lafiya, ƙwayoyi zagayayyu, babu kumfa, famfo na tafiya daidai. Amma ƙwayoyin sai wucewa suke yi fyu, fyu, ko waiwaye babu, kamar ba a taɓa ɗiga wa bangon komai ba. Na zargi TNF ɗin, na ce ko ya lalace. Na zargi ƙwayoyin bangon, na ce ko sun tsufa. Malama ba ta zargi kowa ba. Ta ce ruwa ba ya tsami banza, in kawo mata kowace kwalba da na yi amfani da ita. Ta ɗaga ɗaya ta nuna mini rubutun jikinta. Ruwan gishirin da ake wanke ƙwayoyi da shi da gangan ake cire masa kalsiyam da maganiziyam, don kada su farka. Ni kuwa a cikinsa na bar su har zuwa magudana. Selektin ba ta kama komai sai da kalsiyam zaune a bakinta, domin abin da take kamawa wani ɗan reshen sukari ne a jikin farar ƙwaya, kuma kalsiyam ɗin ne ke riƙe shi. Hannuwan riƙo na mataki na gaba su ma sai da maganiziyam. Na san wannan, na ma taɓa rubuta shi a jarrabawa. Amma ranar ce ya zauna mini, da na ga dubban ƙwayoyi suna wucewa a kan bango cike da ƙugiya saboda rashin gishiri guda biyu.

A karo na huɗu na fara da magudanar da ba a sa wa TNF ba, domin a sami abin kwatance. Na saita famfon ya ba da irin jan ruwan da ake samu a ƙananan jijiyoyin da ke karɓar jini bayan ya fito daga mafi siraran hanyoyi, domin a nan ne akasarin wannan aiki ke faruwa a jiki. A wurin gudun jini ya ragu, jajayen ƙwayoyi sun taru a tsakiya sun ture farare zuwa gefe, kuma bangon wurin ya fi saurin fito da ƙugiyoyi. A magudanar farko ƙwayoyi suka wuce kamar tartsatsi, ido ba ya ko iya bin guda. Na sauya zuwa wadda ta sha TNF, na haɗa ɗigo da ɗigo, na kunna.

Gani ya kori ji. Daƙiƙoƙin farko tartsatsin ne dai. Can sai ɗaya ta fito daga cikin gudun, ta zama ɗigon haske zagayayye da ido ke iya gani. Ba tsayawa ta yi ba. Tafiya take da tsalle-tsalle, ta ɗan dakata, ta fizge, ta ɗan dakata, kamar wanda ruwa ya ci yana kama ciyawar bakin gaɓa, wannan ta tsinke ya kama ta gaba. Abin da ke faruwa ke nan a zahiri. Selektin da ke bango ta kama wani furotin mai sukari a saman 'yan tsinkayen da suka fito daga jikin ƙwayar, babbansu shi ne PSGL-1. Riƙon yana ƙulluwa da sauri yana kwancewa da sauri. Ruwa na tura ƙwayar daga baya, riƙon baya ya saki, kafin ta tafi wani ya ƙullu a gaba, sai ta juya. Haka gudun da ido ba ya gani yake komawa 'yan maikuromita a daƙiƙa (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ƙwayar da faɗinta bai wuce maikuromita takwas ba tana ɗaukar daƙiƙa guda ko fiye kafin ta wuce tsawon jikinta.

Na daɗe ina ɗaukar mirginawar nan a matsayin mannewa mai rauni, wadda ba ta ƙarasa ba. A gaban allon na gane kuskurena. Mirginawar karatu ce. Ƙwayar tana bin bangon tana shinshina shi. Bangon da ke kusa da ciwo yana rataye wasu ƙananan sinadaran kira a fuskarsa, waɗanda ake ce wa kemokayin, irin su IL-8, kuma a ɗaure suke da gashin sukarin da ya lulluɓe bangon don kada jini ya wanke su. Ƙwayar da ke gudu a tsakiyar ruwa ba za ta taɓa jin su ba. Mai mirginawa ce kaɗai ke haɗa fuska da su. Da ta ji, saƙo ya shiga cikinta, sai daga ciki a buɗe wasu hannuwa da take ɗauke da su tun farko a naɗe, masu suna intigirin. Manyansu a jikin niyutirofil biyu ne, LFA-1 da Mac-1. A lokacin lafiya a lanƙwashe suke kamar wuƙar da aka ninke. Wasu furotin biyu na cikin ƙwayar, talin da kindilin-3, su ke kama gindinsu su miƙar da su, bakinsu ya buɗe, su cafke abokin riƙonsu a bango, ICAM-1, wanda shi ma TNF ya ƙara yawansa. Duk wannan bai kai daƙiƙa guda ba. A allo abin da za ka gani kawai shi ne ɗigon da ke mirginawa ya tsaya, ruwa na wucewa ta kansa, shi ko gezau.

Abin da ya biyo baya shi na fi so in kalla har yanzu. A irin hasken madubin da muke amfani da shi, ƙwayar da ke zaune a saman bango fara ce tas, tana ƙyalli. Bayan ta tsaya sai ta fara baje jiki, ta daina zama ƙwallo, ta fara rarrafe, wani lokaci ma ta nufi inda ruwan ke fitowa ko ta gitta shi. Mahaɗa take nema, inda ƙwayoyin bango biyu ko uku suka haɗa baki. Na zaɓi guda na bi ta da ido. Ta isa wata mahaɗa ta tsaya, sai wani ɓangare na jikinta ya yi duhu. Duhun ya riƙa faɗi, hasken na raguwa, har ya zama ɗan ɗigo a tsakiya, sannan ya ɓace. Ta shige ƙarƙashi. Yanzu ta zama baƙa-baƙa, shimfiɗaɗɗiya, tana yawo a ƙarƙashin daɓen, kuma inda ta bi ya rufe kamar ba a taɓa buɗe shi ba. Ƙwayoyin bangon ne suka sassauta maɓallin da ke ɗaure su da juna, suka miƙa ta da taimakon wasu furotin na mahaɗa irin su PECAM-1, suka koma suka ƙulle. Cikin 'yan mintoci allon ya cika da farare a sama da baƙaƙe a ƙasa. Na kira Malama na ce, "Ranki ya daɗe, zo ki gani." Ta zo ta tsaya a bayana, ba ta ce komai ba sai da aka jima, sannan ta ce in tabbatar kwamfuta na naɗar hoton.

A jiki tafiyar ba ta ƙare a nan. Bayan shimfiɗar akwai wani tantani mai tauri da wasu ƙwayoyi da suka rungume jijiyar ta waje, kuma ratsa su ya fi ɗaukar lokaci. Magudanarmu ba ta da waɗannan, don haka abin da muke gani rabin farko ne na hanyar.

Makonnin da suka biyo baya na yi su ne ina cire matakan ɗaya bayan ɗaya. Ana samun antibodi, wato furotin na garkuwar jiki mai manne wa abu takamaimai, da aka ƙera don ya toshe furotin guda kaɗai. Da na toshe selektin E, masu kamuwa suka ragu sosai, duk da cewa ICAM-1 na nan birjik a bango kuma intigirin na nan lafiya. Hannun riƙo ba ya iya cafke abin da ke gudu. Wannan shi ne ainihin abin da Lawrence da Springer suka nuna, ga shi na maimaita da hannuna. Na kuma lura da wani abin da ya saɓa wa hankali: idan na rage ƙarfin famfo ƙwarai, mirginawar ba ta ƙara kyau, takan ma lalace. Riƙon selektin irin zarge ne, har zuwa wani mizani jan da ake yi masa shi ke ƙara masa ɗaurewa, sai ja ya wuce kima sannan ya tsinke. A 2003 aka auna wannan kai tsaye a kan riƙo guda tsakanin selektin P da PSGL-1. Gudun jinin da nake ɗauka abokin gābar mannewa ne, ashe yana cikin kayan aikinta.

Gwajin da ya fi taɓa ni shi ne na toshe CD18, wato ƙafar da LFA-1 da Mac-1 suka yi tarayya a kanta. Ƙwayoyin suka kamu kamar kullum, suka fara mirginawa. Suka yi ta mirginawa. Daga hagun allo har damansa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kusan babu mai tsayawa, ballantana ta yi duhu. Suna jin kiran, suna kan wurin da ake nemansu, amma babu hannun da za su riƙe. Akwai jarirai da ake haifa a haka, gadonsu bai ƙera CD18 daidai ba. Alamar farko sau da yawa cibiya ce: maimakon ta faɗi cikin mako ɗaya ko biyu, sai ta wuce wata tana nan, gindinta ya yi ja. Ciwo ya kama su, a auna jini a ga fararen ƙwayoyi sun yi yawa fiye da kima, amma a miki babu mugunya ko ɗigo. Akwai nau'i na biyu na wannan cuta, da aka bayyana a 1992, inda reshen sukarin nan ne babu, don haka mirginawar ce ba ta samuwa. Akwai na uku inda kindilin-3 ne ya lalace, hannuwan na nan amma ba mai miƙar da su. Kowane mataki da na cire da antibodi a magudana, akwai yaron da aka haifa babu shi. Tun daga ranar na daina kallon mugunya a matsayin ƙazanta kawai.

Ɗaya gefen kuma shi ne mannewar da ta yi yawa. A cutar sikila bangon jijiya kusan kullum a fusace yake, selektin P a waje, fararen ƙwayoyi na maƙalewa, su kuma su tare jajayen da suka lanƙwashe, hanya ta toshe, ciwo ya tashi. A kan wannan fahimta aka ƙera maganin crizanlizumab mai toshe selektin P, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2019. Amma wani babban gwaji da ya biyo baya bai nuna ya rage tashin ciwon fiye da allurar da ba magani a ciki ba, Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2023. Wannan labari ya yi mini ciwo, domin na so a ce ya yi aiki. Haka natalizumab, mai toshe wani intigirin don hana fararen ƙwayoyi shiga ƙwaƙwalwa a wata cuta da garkuwar jiki ke cin rigar jijiyoyin laka. Ya fito a 2004, yana aiki sosai, amma a 2005 aka dakatar da shi saboda wasu masu karɓarsa sun kamu da mummunar cutar ƙwaƙwalwa daga wata ƙwayar cuta wadda dama fararen ƙwayoyin nan masu sintiri ne ke danne ta. Ya dawo a 2006 da tsauraran sharuɗɗa. A ganina wanda duk ya zauna gaban magudana ya kamata ya riƙe waɗannan biyun a ransa, saboda magudana ƙofa ɗaya take nuna maka, jiki kuwa ƙofofinsa da yawa, kuma masu cuta da masu gadi ta ƙofa ɗaya suke bi.

Gwajin ƙarshe na kowace rana shi ne mafi gajarta. Idan an gama naɗar hotuna, sai a tura ruwa mai EDTA, sinadarin da ke kwashe kalsiyam da maganiziyam, wato a yi da gangan abin da na yi bisa kuskure a karo na uku. Masu mirginawa su ne farkon saki, ruwa ya kwashe su nan take. Waɗanda suka tsaya a sama sukan ɗan jure, sannan su dunƙule su bi baya ɗaya bayan ɗaya. Baƙaƙen da suka riga suka shige ƙarƙashi ne kawai ke rage a allon, su nake ƙirgawa a ƙarshe kafin in kashe fitilar madubin in cire bututun.